Lin Dan na Beijin ko Lin Dan na Landan, wanne ya fi?

Bahagon Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan mun tashi daga atisaye na kasa barci, sai na buɗe YouTube na sake kallon wasan ƙarshe na gasar badminton ta duniya ta 2011, wanda aka yi a Wembley ta Landan tsakanin Lin Dan na Sin da Lee Chong Wei na Maleshiya. Na san sakamakon tun shekaru, amma wallahi da aka zo turmi na uku sai da na tashi zaune. Sau biyu Lee yana neman maki ɗaya tak ya zama zakaran duniya, a 20-19 da kuma 21-20, sau biyun Lin Dan ya hana shi, ya kuma ƙarasa da 23-21.

Ga abin da ya sa na kawo zancen nan. Duk lokacin da aka ambaci Lin Dan, mutane wasan ƙarshe na Olamfik ta Beijin 2008 suke tunawa, ranar da ya yi wa Lee 21-12, 21-8 cikin kusan minti 40. Ni kuwa a ganina wannan ba shi ne ƙololuwarsa ba. Na Beijin ƙarfi ne da gudu da ƙuruciya. Lin Dan ɗin da nake cire wa hula shi ne na 2011 zuwa 2013, wanda gudunsa ya ragu amma ya san inda maki yake kwance. Ina son jin ra'ayinku, musamman Koci.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Yaya Bahago. Ni dai ban yarda ba. Ka sake kallon na Beijin ɗin nan da kyau. Lee shi ne na biyu a duniya a lokacin, amma aka mayar da shi kamar ɗan koyo. Bai samu damar numfashi ba. Duk shatul ɗin (ƙwallon gashin da ake bugawa) da ya ɗaga sama, kafin ta fara saukowa Lin Dan ya riga ya yi tsalle ya maka ta ƙasa. Idan mutum ya ci abokin karawarsa da kyar, 23-21, yaya za a ce ya fi ranar da ya ba shi tazarar maki 13 a turmi guda?

Koci:
Salamu alaikum. Ɗan Damagaram, tambayarka tana kan hanya, amma akwai abin da ka tsallake: Lee na 2011 ba Lee na 2008 ba ne. A Beijin karon farko ke nan da ya taka wasan ƙarshe na Olamfik, cikin zauren da kowa yake kiran sunan abokin karawarsa. Daga baya ya ƙara sauri, ya gyara tsaronsa, ya zauna a matsayi na ɗaya a duniya ya ƙi sauka. Wanda Lin Dan ya doke a Wembley ya fi wanda ya doke a Beijin nesa ba kusa ba.

Bari in ɗan yi bayanin abin da Bahago yake nufi, don yaranmu da ke zauren nan su amfana. Filin wasan mutum ɗaya tsawonsa mita 13.4 ne, faɗinsa mita 5.18. Ƙaramin wuri ne a ido, amma kusurwa huɗu ne, kuma duk wanda aka sa shi ya riƙa zagaya su kusurwa zuwa kusurwa, ƙafarsa za ta mutu kafin hannunsa. Lin Dan na farko yana cin maki ne da duka: tsalle, simash, ya biyo raga ya kashe. Wannan salon yana cin gwiwa, yana cin numfashi. Na baya kuma sai ya koma yana ɗaga shatul can ƙarshen fili, ya sake ta a bakin raga, ya sake ɗagawa, yana tafiya kamar ba gasa ake ba. Yana jira ne ka makara da taku ɗaya. Da zarar ya ga ƙafarka ta baya ba ta dawo tsakiya ba, nan take zai canja gudu, maki biyu uku su shige kafin ka farga. Wato ƙarfin yana nan, ya dai daina kashe shi a kan kowane maki.

Kuma ku lura da hannunsa lokacin da zai buga daga sama. Ɗagawa da sakewa da duka, duk da shiri iri ɗaya yake fara su. Sai raket ta kusa taɓa shatul za ka san wanne ne. Ga shi bahago, yawancin 'yan wasa kuwa da na-dama suka saba atisaye, to inda suka saba jefa wa mutum a raunin hannunsa, a wurin Lin Dan nan ne ƙarfinsa.

Bahagon Fagge:
Allah Ya saka da alheri Koci. Abin da na kasa faɗa ke nan kuka faɗa. Wannan canja gudun shi ne yake burge ni.

Ɗan Damagaram:
Na ji bayanin Koci kuma na karɓi rabinsa. Amma ku tuna wanda ya ci Olamfik sau biyu a jere, 2008 da 2012, ai da na farkon ya buɗe ƙofa. Ba don Beijin ba, wa zai ji tsoronsa a Landan?

Malamin Lissafi:
Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofar. Ni masoyin Lee Chong Wei ne, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma duk lokacin da aka fara irin wannan hira sai a mayar da shi tsanin da Lin Dan ya taka. Mutumin nan ya yi mako 349 yana na ɗaya a duniya. Ku lissafa, ya haura shekara shida da rabi. Ya ci gasar Maleshiya sau 12. Shi ne yake fita kusan kowace gasa, wata bayan wata, yana kai wa ƙarshe. Lin Dan kuwa zaɓa yake yi. Ya huta, ya ɓace, sai babbar gasa ta zo ya fito da sabuwar ƙafa. Bayan Landan 2012 kusan shekara guda bai yi wasan kirki ba, sunansa ya faɗi can ƙasa a jerin duniya, amma aka ba shi gayyata ta musamman ya shiga gasar duniya ta 2013 a Guangzhou, a ƙasarsu. Wanne ya fi wuya, ka riƙe ƙwazo duk shekara ko ka tanadi ƙarfinka don mako ɗaya?

Kuma a wasan ƙarshe na 2013 ɗin nan, Lee ne ya ci turmin farko 21-16. Ɓangaren Maleshiya sun yi ƙorafi cewa an kashe na'urar sanyaya zauren a turmi na biyu. A turmi na uku jijiyar ƙafar Lee ta ɗaure, ana 20-17 ya kasa ci gaba, a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da shi. Ni har yau wannan wasan yana min ciwo.

Bahagon Fagge:
Malam, ciwon nan naku na fahimce shi, don ni ma ban ji daɗin yadda wasan ya ƙare ba. Amma zafin zauren ai su biyu ya dafa. Kuma Lin Dan ne yake gaba da maki uku, saura ɗaya ya ci, lokacin da Lee ya durƙusa. Ku tuna ma ya tsallaka raga ya je ya duba shi.

Batun wanne ya fi wuya kuma, ga yadda nake kallonsa. Sun haɗu sau 40, Lin Dan ya ci 28, Lee ya ci 12. A wasan ƙarshe na Olamfik sau biyu, Lin Dan duka. A wasan ƙarshe na gasar duniya sau biyu, Lin Dan duka. A wasan ƙarshe na gasar Asiya ta 2010 a Guangzhou, Lin Dan. Idan sau ɗaya ne a ce sa'a. Sau biyar fa? Dawowa bayan dogon hutu ka ci gasar duniya kuwa ba sauƙi ba ne, ai wanda ya bar fili wata uku ma ya san yadda ido yake daina auna shatul.

Malamin Lissafi:
Ban musa alƙaluman ba, Bahago. Abin da nake cewa shi ne nauyin da ke kansu ba ɗaya ba ne. Maleshiya ba ta taɓa cin zinare a Olamfik ba, a kowane irin wasa. Duk ƙasar a wuyan mutum ɗaya take rataye. Lin Dan idan ya faɗi akwai Chen Jin, akwai Bao Chunlai, daga baya akwai Chen Long. Lee idan ya faɗi shi ke nan, an kashe fitila. Kuma kada a manta a watan Mayun 2012 ya ji rauni a idon sawu a gasar kofin Thomas, ta tawagogin maza na ƙasashe, a Wuhan, saura 'yan makonni a tafi Landan. Da wannan ƙafar ya ci turmin farko 21-15, ya kai Lin Dan har 19-19 a turmi na uku.

Koci:
Gaskiya ne Malam, kuma daga 19-19 ɗin nan ne zancen Bahago yake samun ƙarfi. Maki biyu suka rage wa kowa. Na ƙarshen, Lee ya tura shatul baya ta wuce layi. Ba wani dukan ban mamaki aka yi ba, an dai yi ta musayar bugu har hannun ɗaya ya ƙara ƙarfi kaɗan fiye da kima. Shatul nauyinta kusan giram biyar ne, gashin dinya 16 aka jera a kan ɗan toshe. Abu mai wannan rashin nauyi, idan kafaɗarka ta ɗaure saboda fargaba, ko yatsunka suka matse raket fiye da yadda suka saba, ta fita. Ina gaya wa yarana kullum, a 19-19 ba a koyon sabon bugu, wanda hannunsa ya zauna yadda yake a 5-5 shi ne zai ci.

Nauyi kuma, kada mu raina na Lin Dan. Ku koma Atens 2004. Yana ɗan shekara 20, shi ne na ɗaya a duniya, ya ci babbar gasar Ingila ta All England a shekarar, ya taimaka wa Sin ta ɗauki kofin Thomas a Jakarta bayan rabonta da shi tun 1990. Aka je Olamfik, a wasan farko Ronald Susilo na Singafo ya kore shi gida. Shekara ta zagayo, a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2005 a Anaheim ta Amurka, Taufik Hidayat na Indonesiya ya yi masa 15-3, 15-7. A gasar Asiya ta Doha 2006 Taufik ya sake doke shi a ƙarshe. Mutumin da ya shiga Beijin 2008 yana ɗauke da wannan tabon ne, a gaban mutanensa, inda azurfa ma faɗuwa ce. Shi ya sa da ya ci ya faɗi ƙasa, ya tashi ya sara irin ta soja, ya jefa wa 'yan kallo raket da takalmansa.

Ɗan Damagaram:
To Koci ai kun dawo gefena ke nan! Beijin ce ta wanke Atens.

Koci:
Ta wanke, ƙanena. Amma tambayar Bahago ita ce wanne ya fi iya wasa, ba wanne ya fi daɗin labari ba.

Ɗalibi a Wuhan:
Salam ga manya. Ina bin hirar tun ɗazu daga nan. Ina so in ƙara wani abu game da inda mutumin ya fito, don a nan idan ka shiga zauren wasa na jami'a da yamma, sai ka yi layi kafin ka samu fili. Tsofaffi, mata, yara, kowa da raket ɗinsa a jaka. Akwai wani dattijo da nake bugawa da shi, ya haura sittin, ba ya gudu ko kaɗan, amma sai ya sa na zagaye fili har rigata ta jiƙe. Da na ce masa ina son Lin Dan, sai ya ɗaga babban yatsa ya ce min mutumin Fujian ne, kamar wannan kaɗai ya isa bayani.

Kuma da gaske ya isa. An haifi Lin Dan a yankin Longyan na lardin Fujian ranar 14 ga Oktoba 1983, Chen Long ma duk da cewa ɗan Hubei ne, a Xiamen ta Fujian ya samu horo. Lin Dan ya fara riƙe raket yana ɗan shekara biyar, tun yana yaro aka ɗauke shi ƙungiyar wasanni ta rundunar sojan ƙasar, daga nan ne sarawar da Koci ya ambata ta samo asali. Tsarinsu haka yake: makarantar wasanni ta gari, sai ƙungiyar lardi ko ta soja, sai ta ƙasa. Yaro yana barin gidan iyayensa da wuri, ci da sha da kwana da likita duk a kan hukuma.

Wani abin da ban sani ba sai da na zo nan: ƙarfin badminton na Sin daga Indonesiya aka dasa shi. Sinawan da aka haifa a can ne suka dawo gida da wasan. Ɗaya daga cikinsu shi ne Tang Xianhu, wanda ya yi tashe a shekarun 1960 da 1970 lokacin da Sin ba ta cikin hukumar badminton ta duniya, don haka bai samu buga manyan gasanni ba. Sai 1981 ƙasar ta shiga, 1982 ta ɗauki kofin Thomas. Wannan Tang ɗin ne aka haɗa shi da Lin Dan kafin Beijin, kuma mutane da yawa a nan suna cewa shi ya kwantar masa da zuciya.

Malamin Lissafi:
Madalla da ɗalibinmu, ka kawo ni inda nake son zuwa. Tsarin nan da kake yabo yana da wata fuskar. Idan 'yan ƙasa ɗaya suka haɗu a gasa, wa yake yanke wanda zai wuce? Shugaban masu horar da su na wancan lokaci, Li Yongbo, da bakinsa ya amsa cewa a Atens 2004 an umarci Zhou Mi ta bar wa Zhang Ning wasan kusa da na ƙarshe na mata. A Landan 2012 an kori 'yan wasa mata takwas saboda buga wasa da niyyar faɗuwa, biyu daga ciki 'yan Sin ne, sauran na Koriya ta Kudu da Indonesiya. Shi kansa Lin Dan, a wasan ƙarshe na gasar Singafo ta 2011 ya janye ya bar wa Chen Jin, aka ce ciwon ciki ne, 'yan kallon da suka sayi tikiti suka yi ta ihu. Ba na cewa ƙarya ya yi. Ina cewa idan kana da abokan da za a iya sassauta maka a hannunsu, ko kai ka sassauta musu, to hanyarka ba irin ta wanda yake shi kaɗai ba ce.

Bahagon Fagge:
Wannan magana ce mai nauyi Malam, kuma ba zan kare ta ba. Janyewa tsakanin 'yan ƙasa ɗaya ta ɓata wa wasan suna a shekarun nan, duk mai son badminton ya ji haushinta. Abin da kawai zan ce, manyan wasannin da muke magana a kansu ba da ɗan ƙasarsu ya buga ba. Babu wanda ya umarci Lee ya faɗi a Wembley. Babu wanda ya umarci Sony Dwi Kuncoro ya faɗi a wasan ƙarshe na 2007 a Kuwala Lumfur. Idan kun cire 2006 da ya doke Bao Chunlai a Madrid da 2009 da ya doke Chen Jin a Haidarabad, saboda 'yan gida ne, har yanzu saura kofin duniya uku da zinaren Olamfik biyu. Wa yake da su?

Kuma shi ma ba ɗan lele ba ne a tsarin. A 2014 ba a ba shi gayyatar gasar duniya ba, yana gida Chen Long ya ɗauka a Kofanhegan. Bayan 'yan makonni aka je gasar Asiya a Incheon, ya doke Lee a kusa da ƙarshe, ya doke Chen Long ɗin a ƙarshe. Yana dab da cika shekara 31 a lokacin.

Maman Ikram:
Sallama gare ku. Tun safe nake karantawa ina jiran wani ya ambaci Xie Xingfang, shiru. Kuna ta lissafa kofunan miji kamar matar 'yar kallo ce. Ita ma zakarar duniya ce sau biyu, 2005 da 2006, kuma ta ci All England sau uku a jere daga 2005 zuwa 2007. A Madrid 2006 rana ɗaya suka zama zakarun duniya, shi a maza ita a mata. Ku lura, ta riga shi cin kofin duniya da shekara guda. A Beijin ita ma ta kai wasan ƙarshe, Zhang Ning ta doke ta, ta tashi da azurfa. Sun yi aure a 2010.

Na faɗi haka ne saboda 'yata da nake kaiwa atisaye ranar Asabar. Duk bidiyon da ake tura musu na maza ne. Ranar da na nuna mata wasan Xie, doguwar mace tana sakin shatul a bakin raga kamar tana ajiye ƙwai, sai da ta maimaita kallonsa sau uku. Koci, don Allah a riƙa haɗa musu da na mata.

Koci:
Kin yi gaskiya Hajiya, kuma na karɓi gyara. Ga yara masu tasowa ma wasan mata ya fi amfani a kalla, saboda ana ganin taku da tsarin bugu a fili, ba a rufe su da ƙarfin duka. Zan tura musu a wannan makon in sha Allah.

Autan Zaure:
Ni fa manya ku yi haƙuri, ban ga zamanin nan da idona ba. Lin Dan ɗin da na tarar shi ne wanda ake cirewa a zagayen farko. Viktor Axelsen ya doke shi a wasan neman tagulla a Riyo 2016, ya sake doke shi a wasan ƙarshe na gasar duniya a Gilasgo 2017, 22-20, 21-16. Kuma Axelsen ma ya ci zinaren Olamfik biyu a jere, Tokiyo da Faris. To me ya sa ba za a ce sun yi daidai ba? Sannan me ya hana shi ajiye raket tun 2016 da mutuncinsa? A 2018 sau da dama yana fita tun wasan farko, a gasar duniya ta 2019 a Basel Prannoy na Indiya ya cire shi da wuri. Ni abin tausayi ya ba ni.

Ɗan Damagaram:
Auta, Axelsen gwani ne, babu mai ja. Amma kofin duniya biyu gare shi, 2017 da 2022, Lin Dan biyar. All England Lin Dan shida: 2004, 2006, 2007, 2009, 2012, 2016. Shekara 12 tsakanin na farko da na ƙarshe. Kuma ka tuna an canja tsarin ƙirga maki a 2006, daga 15 da sai mai sabis ke cin maki, zuwa 21 da kowane bugu maki ne. Ya yi na ɗaya a duniya a tsohon tsari, ya yi mulki a sabo. A Gilasgo ɗin da ka ambata, saura 'yan makonni ya cika 34, Axelsen yana 23.

Bahagon Fagge:
Auta, tambayarka ta biyu ita ce ta fi taɓa ni, don na daɗe ina juya ta. A da ni ma ina cewa da ya tsaya a Riyo. Wasan kusa da na ƙarshe da Lee a can ai ya isa rufe littafi: Lee yana gaba 20-17 a turmi na uku, Lin Dan ya farke uku ya mayar 20-20, kowa ya ce tarihi zai maimaita kansa, sai Lee ya ci biyu a jere, 22-20. Ya durƙusa a fili, suka rungume juna, suka yi musayar riga. Malamin Lissafi na san wannan ranar taku ce.

Amma yanzu na canja ra'ayi. Da ya tsaya a nan, da ba mu ga Afrilun 2017 ba, da ya je har Kuching ya doke Lee a wasan ƙarshe na gasar Maleshiya, kofin da ya daɗe yana gagararsa. Da ba mu ga All England 2018 ba, inda suka yi haɗuwarsu ta 40 kuma ta ƙarshe, ya ci, ya wuce har wasan ƙarshe kafin Shi Yuqi ya tsayar da shi. Da ba mu ga 2019 ba, yana da shekara 35 ya sake ɗaukar gasar Maleshiya a hannun Chen Long. Abin da yake nema shi ne Olamfik ta biyar, kuma ƙa'ida ba ta ba ƙasa ɗaya fiye da gurbi biyu a wasan mutum ɗaya. Chen Long da Shi Yuqi suna gabansa a jeri. Ya san haka, ya ci gaba da yawo ƙananan gasanni yana tara maki, yara da ba su kai shi komai ba suna doke shi a gaban kyamara. Mutumin da ya tara duk manyan kofuna tara na wasan tun yana 28, ba abin da ya rage masa ya tabbatar wa kowa. Ni ban ga abin tausayi a nan ba, na ga wanda yake son wasan fiye da yadda yake son sunansa. Sai da annobar korona ta sa aka ɗage Tokiyo da shekara guda, sannan ranar 4 ga Yulin 2020 ya sanar cewa jiki da raunuka ba za su bar shi ya ci gaba ba.

Malamin Lissafi:
Ranar Riyo tawa ce Bahago, amma kwana ɗaya ta yi. Washegari Chen Long ya yi wa Lee 21-18, 21-18, azurfa ta uku. Na kashe talabijin na fita tsakar gida na zauna, iyalina suna tambaya ko lafiya. Daga baya ciwon daji na hanci ya kama Lee a 2018, ya yi jinya, a Yunin 2019 ya yi bankwana yana hawaye.

Zan ba ka abu ɗaya ban da biyu. Na yarda a maki na ƙarshe Lin Dan ya fi kowa da na taɓa gani. Ban yarda cewa wannan kaɗai ake aunawa ba. Kuma na yi imani Lin Dan na 2011 da kake yabo, Lee ne ya ƙera shi. Ba don akwai mutum ɗaya da dukan Beijin ya daina isa a kansa ba, da bai sauya salo ba.

Bahagon Fagge:
Wannan na ƙarshen ban da ja a kansa, Malam. Ko hukumar badminton ta duniya ma tare ta shigar da su jerin gwarazanta a 2023, a Kuwala Lumfur.

Ɗan Damagaram:
Ni dai ina nan kan Beijin. Amma zan sake kallon na Wembley da idon da Koci ya ba mu, in ga wannan canja gudun.

Autan Zaure:
Koci wanne zan fara kalla, tunda ban ga ko ɗaya cikakke ba sai gutsattsari?

Koci:
Fara da na Beijin, gajere ne, ka ga abin da Ɗan Damagaram yake gani. Sannan na 2011 gaba ɗayansa, kada ka tsallaka zuwa ƙarshe. A turmi na uku ka daina bin shatul da ido, ka kalli ƙafafun Lin Dan kawai, ka ƙirga sau nawa ya yi tsalle ya yi duka, ka kwatanta da na Beijin. Ranar Asabar ka zo min da adadin a takarda. Hajiya, ki taho da Ikram da wuri, zan fara da su bugun bakin raga kafin manya su cika fili.